Sun ce tarihi juyawa yake: to, hannun wa ke murza mazarin?

Duk ranar da gidan rediyon ƙasa ya katse shirye-shiryensa ya saki kiɗan soja, akwai wata magana da ba ta jiran a gama karanta sanarwa ta farko. Kafin la'asar ta zagaye fadodi da tashoshin mota, ta ratsa rumfunan kasuwar Maraɗi da ta Dole a Damagaram, ta hau benayen ma'aikatu a Yamai: wai tarihi ne ke maimaita kansa. Mai awon hatsi yakan faɗe ta da karin magana, ya ce duniya rawar ƴan mata ce, na gaba ya koma baya, ya ci gaba da cika tiyarsa. Shi babu abin tuhuma gare shi, tunda bai ce ya karanta littafin kowa ba. Wanda ya kamata a tsayar a yi wa tambaya shi ne ɗan bokon da ya zauna ajin falsafa a lise, ya ci bak, ya wuce jami'a, wanda zai gyara zaman tabarau ya ce ai Girkawa sun rufe wannan babi tun fiye da shekara 2,000: mulki zobe ne, sarauta ta haifi zalunci, zalunci ya haifi mulkin manya, na manya ya haifi na jama'a, na jama'a ya rikiɗe hargitsi, sai wani mai ƙarfi ya fito ya share fage a sake sabon lale. Ya ambaci Platon, ya ambaci Polib, ya kurɓi shayinsa. Abin da yake so a ɗauka shi ne cewa 1974 da 1996 da 1999 da 2010 da 2023 tamkar shigowar hunturu ne: ba mai kawo shi, ba mai hana shi, ba kuma wanda za a kai ƙara don ya zo.

Wannan fatawa mai arha ce, kuma ta jabu ce. Gaskiya ne Girkawan dauri sun yi zancen juyi, sun ma yi shi da yawa. Sai dai zantukan nasu sun bambanta, kuma su kansu ba su yarda da juna ba. Mai tabarau ya kwashi haja iri uku, ta masu duban taurari, da ta marubuta tarihi, da ta masu nazarin mulki, ya zuba a buhu ɗaya ya ɗinke baki, yana sayar wa wanda ba zai kwance ya duba ba. To, a kwance buhun. Mai karatu ya riƙe cewa shekarun Girka da Roma da za su biyo baya na kafin haihuwar Annabi Isa ne (AS), ana ƙirga su da baya-baya.

Waɗanda suka ce abubuwa suna dawowa sak, ba ragi ba ƙari, suna nan, amma zancen sama da ƙasa suke. Almajiran Pitagor ne suka fara, har wani malami mai suna Edem, mutumin tsibirin Rodos, ya taɓa ce wa ɗalibansa idan maganar mutanen nan gaskiya ce, wata rana za su sake zama gabansa kamar yadda suke zaune, shi kuma yana riƙe da wannan sanda yana ba su wannan darasi. Daga baya, wajen shekara ta 300, Zenon ɗan tsibirin Kubrus ya kafa makarantarsa a wata rumfa mai zane-zane a bakin kasuwar Atina, abin da ya sa ake kiran mabiyansa da sunan da ke nufin ƴan Rumfa. Su ne suka kai zancen maƙura. A wurinsu, idan taurari suka gama kewayensu suka koma inda suka faro, wuta za ta cinye duniya baki ɗaya, sa'annan a sake gina ta yadda take, da mutanenta da kurakuransu. Za a sake haihuwar Sokrat, ya sake auren matarsa mai faɗa, Anitos da Meletos su sake kai shi ƙara, ya sake shan dafi. Haka har abada.

Musulmi ko Kirista da ya yarda duniya tana da farko, tana da ƙarshe, akwai ranar hisabi, ba shi da inda zai ajiye wannan ra'ayi, kuma Ogustin, babban limamin Kirista na garin da ake kira Annaba a Aljeriya ta yau, ya yi masa kaca-kaca tun farkon ƙarni na 5 na Miladiyya. Ko an bar addini gefe, zoben ƴan Rumfa na dubban shekaru ne, ya yi nisa da tazarar da ke tsakanin wannan juyin mulki da wancan. Kuma su kansu ba su taɓa yarda a fake da shi ba. An ba da labari cewa Zenon ya kama bawansa da sata yana dukansa, bawan ya kare kansa da cewa an ƙaddara masa satar, maigidan ya tuna masa cewa an ƙaddara masa dukan ma. Kirisip, shugaban makarantar na uku, an kawo masa hujjar malalaci: idan an rubuta marar lafiya zai warke, mene ne amfanin kiran likita? Ya amsa cewa kiran likitan yana cikin abin da aka rubuta tare da warkewar. Ke nan ko mutanen da suka fi kowa imani da maimaici sun bar wa ɓarawo bulalarsa, sun bar wa majinyaci hanyar likita.

Marubuta tarihi kuwa wani abu dabam suke nufi. Herodot ya sa Kiresus, sarkin Lidiya da ya rasa gadonsa da dukiyarsa, yana gargaɗin Sirus na Farisa cewa al'amuran ƴan Adam suna juyawa kamar ƙafar amalanke, ba su barin mutum ɗaya a sama kullum. Nasiha ce ga mai mulki ya rage girman kai, babu izini a cikinta ga mai harin kujerarsa. (Abin dariya ma, shawarar yaƙin da Kiresus ya ɗora a kan wannan hikima ita Sirus ya bi, ya ƙetare kogi, ya je ya mutu a hannun rundunar sarauniya Tomiris. Iya karin magana dabam, iya ba da shawara dabam.)

Tusidid ya fi shi zurfi. Janar ne na Atina da aka kora shekara 20 bayan ya kasa ceton garin Amfipolis a 424, ya kuma yi amfani da zaman hijira ya rubuta labarin yaƙin da aka gwabza tsakanin Atina da Sparta daga 431 zuwa 404. Ya ce abin da ya faru zai sake faruwa, ko makamancinsa, muddin halin ɗan Adam yana nan yadda yake. A lura da sharaɗin. Ya rubuta ne don na baya su gane cuta in ta sake ɓullowa, kamar yadda ya zayyana alamun annobar da ta afka wa Atina a 430, wadda shi kansa ya kamu da ita ya tashi. Wa ya taɓa ganin likita ya tara mutane ya koya musu alamun sanƙarau don su naɗe hannu su jira shi? Da ya zo kan yaƙin basasar tsibirin Korsir, Korfu ta yau, a 427, bai ɗora laifi kan taurari ba. Ya ɗora shi kan kwaɗayin mulki da haɗama. Ya nuna yadda shugabannin ɓangarorin biyu suka riƙa ɗaga kyawawan take, wannan yana kiran daidaito ga talaka, wancan yana kiran mulkin masu natsuwa, alhali dukiyar gari ce ganimar da suke wa kokawa; yadda kalmomi suka sauya ma'ana har ganganci ya zama jarunta, taka-tsantsan ya zama ragwanta; da yadda masu tsaka-tsaki suka halaka a hannun ɓangarorin biyu. Ya ma lura cewa wasu an kashe su ne kawai don waɗanda suka ci bashinsu sun ga dama ta samu. Duk ɗan kasuwar da ke da littafin bashi a ƙarƙashin kanta ya san abin da ake nufi.

Saura masu nazarin mulki, inda mai tabarau ya kafa tutarsa. Platon, wanda malaman zaure suka sani da Aflatun, a kashi na 8 na littafinsa kan jamhuriya ya jera yadda gari ke lalacewa: daga mulkin masu hikima zuwa na mayaƙa masu son girma, daga nan na masu kuɗi, daga nan na jama'a, a ƙarshe na azzalumi guda. Wannan gangare ne; ya kai ƙasa ya tsaya, bai faɗi abin da ke biyo bayan azzalumi ba. Ya kamata kuma a san mai maganar. Ɗan gidan manya ne. Kiritiyas, jagoran azzalumai 30 da suka yi wa Atina kisan gilla a 404, dangin mahaifiyarsa ne na kusa, mulkin jama'a kuma shi ya kashe malaminsa Sokrat a 399. Mutum mai irin wannan tabo, in ya ce dimokuraɗiyya uwar zalunci ce, a saurare shi, amma a san shaidar mai jin ciwo ce. Ko shi ɗin ma, a ƙarshen littafin, inda ya zana sammai suna juyawa a kan wani ƙaton mazari, ya sa rayuka su zaɓi irin rayuwar da za su yi da kansu, alhaki a wuyan mai zaɓe. Ran da ya samu layin farko ya yi wuf ya ɗauki rayuwar babban azzalumi ba tare da ya duba abin da ke cikinta ba, da ya gane masifar da ya jawo wa kansa sai ya shiga dukan ƙirji yana zargin sa'a da alloli. Kamar Platon ya san mai tabarau.

Wanda ya fara warware jerin na gida ne: Aristo, almajirinsa na shekara 20. Shi bai zauna ya zana gari a cikin kansa ba. Makarantarsa ta tattara tsarin mulkin garuruwa 158, kowane da tarihinsa (na Atina kaɗai ya tsira kusan cikakke, an tsince shi a kan tsofaffin takardun Masar, aka buga shi a Landan a 1891). Da wannan tulin hujja ya zo ƙarshen kashi na 5 na littafinsa kan siyasa ya bi jerin malaminsa yana tsinka shi zare-zare. Don me kowane mulki zai faɗa cikin na kusa da shi, alhali an fi ganin ya faɗa cikin kishiyarsa? Mulkin jama'a yakan koma na masu kuɗi fiye da yadda yake komawa na mutum guda. Mulkin masu kuɗi a Sisil ya sha zarcewa hannun azzalumi ba tare da ya biya ta kan jama'a ba, kamar a Leyontini da Jela. Shi kuma zalunci in ya faɗi? A Sikiyon wani zaluncin ya gaje shi, a Kalkis masu kuɗi suka karɓa, a Sirakus jama'a suka karɓa. Kowace ƙofa tana iya buɗuwa. Abin da ke buɗe ta kuwa Aristo ya lissafa shi ɗaya bayan ɗaya, kuma babu tauraro ko ɗaya a lissafin: neman riba, neman girma, wulaƙanci, tsoro, raini, wani ɓangare ya kumbura fiye da kima, maƙarƙashiyar zaɓe, sakaci.

Misalansa sun fi jerin daɗin ji. A Rodos, ƴan siyasa masu zaƙin baki sun ɗebi kuɗin gari suna raba wa mutane, suka hana a biya attajiran da suka ɗauki nauyin jiragen yaƙi abin da gari ke riƙe musu. Aka shiga maka attajiran a kotu. Da wuya ta yi wuya suka haɗa kai suka kifar da mulkin jama'a. Alhajin da ya taɓa kai wa gwamnati kaya ya shekara yana zarya a ƙofar baitulmali da takardarsa, da malamin lakwal da ya ƙirga watannin albashin da ba a biya ba a shekarun 1990, ba su buƙatar tafinta. A Sirakus kuma, samari biyu daga cikin masu mulki suka saɓa kan sha'anin soyayya, kowane ya jawo nasa, har tsarin mulkin gari ya kife. Darasin da Aristo ya ciro shi ne rigimar manya, komi ƙanƙantar mafarinta, gari duka ke ɗaukar ta, don haka tun tana tartsatsi ake kashe ta. A 1995 shugaban ƙasa Mahaman Usman da faraminista Hama Amadu sun shafe kusan shekara suna jayayya kan wa ke kiran taron ministoci, wa ke tsara abin da za a tattauna, wa ke naɗa manyan ma'aikata, har kanal Ibrahim Ba'are Mainasara ya raba gardamar da bindiga ranar 27 ga Janairun 1996. Wace tauraruwa ce ta hana mutum biyu zama ɗaki ɗaya?

Aristo bai tsaya ga bayyana ciwo ba, ya shiga magani. Ya ce a tsare ƙananan karya doka, domin suna cin tsarin mulki yadda ƙananan kashe-kashen kuɗi ke cinye jari maigida bai ankara ba. Ya ce abu mafi girma a kowane irin mulki shi ne a tsara doka yadda muƙami ba zai zama hanyar arziki ba, domin talaka bai cika damuwa don an hana shi kujera ba, ya ma fi so a bar shi da sana'arsa; abin da ke tunzura shi shi ne ya ji masu kujera suna wawure dukiyar kowa. Ya ba da shawara a riƙa miƙa kuɗin gari daga hannu zuwa hannu a gaban jama'a, a kuma ajiye kwafin lissafi a hannun kowace ƙabila da ƙungiya. Mutumin da ya yi imani da zobe ba zai ɓata tawadarsa kan kwafin lissafi ba.

To, Polib fa? Shi kam ya yi zancen zobe ƙarara, ba a musu. Amma a tambayi ko wane ne shi, da abin da ya sa ya yi. Ɗan babban gida ne a Megalopolis, shugaban rundunar dawaki ta ƙawancen garuruwan Akaya. Bayan Roma ta murƙushe Makedoniya a Pidna a 168, ta kwashi manyan Akaya 1,000 zuwa Italiya, ba shari'a ba hukunci. Shekara 17 aka riƙe su, waɗanda suka koma gida da rai kimanin 300 ne. Polib ya yi sa'a ya faɗa gidan janar ɗin da ya ci yaƙin, ya zama aminin ɗansa Sipiyon, har ya tsaya kusa da shi a 146 yana kallon Kartaj tana ci da wuta, a shekarar da Romawa suka rushe Korint ta Girka ita ma. Littafinsa mai kashi 40 amsar tambaya ɗaya ce: ta yaya Roma ta mallaki kusan duk duniyar da aka sani cikin ƙasa da shekara 53? Zoben yana cikin kashi na 6, shafuka kaɗan ne, kuma shimfiɗa ce kawai ga amsar.

Ko a cikin shimfiɗar, kowane mataki da hannun da ke juya shi. Uba ya sha wuya ya kafa mulki da adalci. Ƴaƴan da suka tashi a inuwa suka tarar da shi a dafe, suka fara bambanta tufarsu da abincinsu da na mutane, suka miƙa hannu ga abin da ba nasu ba. Mulkin jama'a kuma yana nan lafiya muddin waɗanda suka ɗanɗani zalunci suna raye. In jikoki suka zo, ƴanci ya zame musu abin banza don sun saba da shi, sai masu kuɗin da ba su iya samun kujera da cancantarsu su shiga karya jarinsu suna sayen talakawa, har jama'a ta saba da cin na wani, ta riƙa jiran abincinta daga aljihun wani. Daga nan sai mulkin ƙarfin damtse, da kisa, da kora, da rabon gonakin mutane, har a samu sabon ubangida. Wanda ya taɓa ganin rabon atamfa da sukari da kuɗin shayi a daren zaɓe ya faɗi gaskiya: wannan falaki ne, ko kuwa mutum ne da jakarsa?

Amsar da zoben ya share wa hanya ita ce ana iya taka masa birki. Kowane mulki tsantsa yana da abin da ke cin sa daga ciki, irin yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Maganin shi ne a gauraya su uku, kowane ya riƙe wa ɗan'uwansa linzami. A Roma, shugabanni biyu na shekara guda suna jan runduna, amma ba su samun hatsi ko tufa ko albashin soja sai da yardar majalisar dattawa, kuma in wa'adi ya cika sai sun yi wa jama'a lissafi. Majalisar dattawa tana riƙe da baitulmali, amma wakilin talakawa ɗaya tak in ya ce a'a, ko zama ba ta iya yi. Talakawa suna da ƙuri'a da hukuncin kisa a hannunsu, amma kwangilolin gari, na gine-gine da tashoshin ruwa da ma'adinai da gonaki, suna ƙarƙashin majalisa, alƙalai ma daga cikinta ake ɗauko su. Wannan ne darasin Polib. Shi ya bi ta hannun Siseron da Makiyabel da Montesquieu ya isa kundin tsarin mulkin Amurka na 1787 da sauran kundayen da suka raba iko gida uku, har da wanda ƴan Nijar suka amince da shi ranar 26 ga Disamban 1992, bayan Taron Ƙasa na 1991. Abin kunya ne mai karatu ya yagi gabatarwar littafi ya riƙa yawo da ita, ya bar babin da aka yi gabatarwar dominsa.

Shin tarihi ma ya bi zoben? Polib ya hango cewa Roma za ta lalace in wadata ta yi yawa, kuma ta lalace: aka kashe Tiberiyus Girakus a 133, yaƙe-yaƙen basasa suka biyo baya, Ogustus ya haɗa iko a hannunsa a 27. Daga nan zoben ya cije. Sarauta ta zauna shekara 500 a yamma, kusan 1,500 a gabas har zuwa 1453 ta Miladiyya. Sarki ya faɗi sarki ya hau, mulkin manya bai dawo ba, na jama'a bai dawo ba. Makiyabel, da ya kwafi zoben a farkon ƙarni na 16, ya ƙara gaskiyar da Polib ya sani a jikinsa: da wuya ƙasa ta yi tsawon ran da za ta zagaya sau da yawa, domin tana cikin tangaɗi maƙwabci mai tsari zai haɗiye ta. Masu cewa a yi haƙuri, juyi zai maida kowa gidansa, su tambayi Korint.

Babbar shaida kuwa tana Atina kanta, kuma Platon da idonsa ya gani. Cikin shekara 8 an kifar da mulkin jama'a sau biyu. A 411, bayan rundunar gari ta halaka a Sisil, wasu manya suka shirya. Ƙungiyoyin samarinsu suka fara kashe masu baki a ɓoye har kowa ya riƙa zargin maƙwabcinsa. Aka kira taron jama'a a bayan ganuwa. Kuma abu na farko da aka gabatar shi ne a soke dokar da ta ba kowane ɗan gari damar kai ƙarar wanda ya kawo shawarar da ta saɓa wa doka. Sai da aka cire wannan ƙaya, sa'annan aka miƙa mulki ga mutum 400. (Wanda ya tuna 2009, lokacin da shugaba Tanja Mamadu ya rusa majalisar dokoki a watan Mayu, ya rusa kotun tsarin mulki a watan Yuni bayan ta haramta zaɓen raba gardamar tazarce, zai gane cewa masu irin wannan aiki, ko'ina suke, alƙali suke fara nema.) Mutum 400 ɗin wata huɗu suka yi. Matuƙan jiragen yaƙi da ke tsibirin Samos, talakawa masu tuƙi da hannu, suka ce ba su san zancen ba.

A 404 Sparta ta ci yaƙi, aka ɗora mutum 30 ɗin nan, ta ba su sojan tsaro 700 a kan dutsen gari. Cikin kamar wata 8 suka kashe kimanin mutum 1,500, da yawa don dukiyarsu kawai, har da baƙin ƴan kasuwa mazauna gari. Ɗaya daga cikinsu, ɗan'uwan Lisiyas mai rubuta jawaban kotu, an ba shi dafi, aka kwashe garkuwa 700 daga masana'antarsu, aka cire wa matarsa ƴan kunnen zinariya. Sai Tirasibul ya fito daga Teb da mutum kimanin 70 ya kama tungar File cikin sanyi, mutane suka riƙa kwararo masa, ya sauka Pire, tashar jiragen ruwa, Kiritiyas ya mutu a faɗan, mulkin jama'a ya dawo a 403.

Bisa lissafin mai tabarau, sai a zauna jiran hargitsi da sabon azzalumi. Ba su zo ba. Mulkin jama'a ya zauna shekara 80, har 322, kuma abin da ya kawar da shi rundunar Makedoniya ce daga waje. Me mutanen Atina suka yi? Sun tace dokokinsu suka rubuta su a bango inda kowa zai gani. Sun bambanta doka mai ɗorewa da shawarar taron yini ɗaya, suka ce ta biyun ba ta iya taka ta farkon. Sun sa ladan halartar taro don mai sana'a ya iya rufe shagonsa ya zo. Sun biya Sparta, daga aljihun kowa, bashin da ɓangaren azzalumai ya ciwo don ya yaƙe su. Kuma sun yi ahuwa, aka rantse ba za a tono abin da ya wuce ba. Amma ahuwar tana da iyaka, kuma a nan ne ya kamata ɗan Nijar ya buɗe kunne. Ta rufe mabiya da sauran mutanen gari da suka zauna ƙarƙashin azzalumai. Ba ta rufe su 30 ɗin ba, da 10 da suka gaje su, da 11 masu kula da gidan kaso da zartar da kisa, da 10 masu mulkin Pire, sai fa in sun yarda sun tsaya gaban kotu sun ba da lissafin abin da suka yi da muƙaminsu. Wanda ya kashe mutum da hannunsa, shi ma ba ta rufe shi ba.

A Nijar an juya rigar. Kundin tsarin mulkin 1999 ya ba da ahuwa ga waɗanda suka yi juyin mulkin 27 ga Janairun 1996 da na 9 ga Afrilun 1999, wanda a cikinsa aka harbe shugaban ƙasa Ba'are a filin jirgin saman Yamai. Kundin 2010 ya ba da ita ga waɗanda suka yi na 18 ga Fabrairun wannan shekara. Ahuwar ta faro ne daga kai, aka kuma dasa ta cikin uwar dokoki, inda alƙali ba ya iya taɓa ta. Mai tabarau zai ce: ka gani, juyin mulki biyar cikin shekara 49, in wannan ba zobe ba ne, mene ne? Lalle maimaici ne, irin wanda Tusidid ya faɗa, na dalilan da aka bari ba a taɓa ba. Zoben Polib tasha-tasha ne, da sarakuna da dattawa da attajirai. Abin da aka gani a Yamai zarya ce tsakanin bariki da akwatin zaɓe. Fararen hula su buɗe ƙofa da rigimarsu ko kwaɗayinsu, soja su shigo, a rubuta musu takardar kariya kafin su fita. Kowane ƙaramin hafsa ya iya karatu, kuma ba ya buƙatar Bagirke ya gaya masa cewa abin da aka sa wa kuɗi mai arha ba ya rasa mai saye. Kowace mai kaɗi ta san mazari ba ya juya kansa.

Jikokin Girkawan ma sun yi nasu zamanin na bariki: 1909, 1922, 1925, 1935, sai kuma 21 ga Afrilun 1967, ranar da wasu kanal-kanal suka karɓe Atina suka riƙe ta shekara 7. In akwai ƙasar da ta cancanci ta ce zobe gadonta ne, ita ce. Mulkin nasu ya faɗi a watan Yulin 1974, wata uku bayan Seini Kunce ya kifar da Jori Hamani a Yamai. A 1975 aka gurfanar da jagororinsa gaban kotu, aka tuɓe musu galan, aka yanke wa uku hukuncin kisa, gwamnati ta maida shi ɗaurin rai da rai. Tun daga nan soja bai sake karɓar mulki a Girka ba. Shugabansu, Papadopulos, ya mutu ranar 27 ga Yunin 1999 a wani asibitin Atina, yana ɗan kaso. Mako uku bayan haka, ranar 18 ga Yuli, aka kira ƴan Nijar su jefa ƙuri'a kan kundin da ke ɗauke da ayar ahuwa.